Giyar inabin Cap Bon ta Tunisiya a kan teburin Garwa: abin da na samu a kwalabe biyar

Shekara 19 ke nan ina kula da ɗakin ajiyar abin sha da hidimar tebur a wani gidan cin abinci da ke nan Garwa, a arewacin Kamaru, kuma a tsawon wannan lokaci kusan duk giyar inabin da ta ratsa hannuna daga Faransa ko Sifaniya ta fito, in ban da 'yar kaɗan daga Afirka ta Kudu. Ban taɓa kawo wa raina cewa ƙasar Larabawa irin Tunisiya tana da gonakin inabi na matsar giya ba, sai da ɗan ƙanwata mai karatu a Tunis ya zo hutu cikin watan Yuli, ya miƙo mini kwalba biyu naɗe cikin tawul, ya ce, "Kawu, wannan fanninka ne, ka ɗanɗana ka gaya mini ko mutanen can suna da gaskiya da suke alfahari da ita." Da na sauka Yawunde cikin Disamba domin sayayyar kayan aiki, sai na yi kiciɓis da irin waɗannan kwalabe a can ƙasan kanta a wani babban shago, ƙura ta hau kafaɗunsu saboda masu saye ba su san su ba. Na sayi iri biyar, kowane iri kwalba biyu, na jera su cikin kwali tsakanin tufafina, na hau jirgin ƙasa na dare da su zuwa Ngaundere.

Ya kamata tun farko in faɗi waɗanda nake yi wa wannan rubutu. Ni Kirista ne, na tashi da Hausa a bakina cikin maƙwabta Musulmi waɗanda nake ganin girmansu, kuma na san sarai cewa giya haramun ce a addininsu, kamar yadda na san akwai ikilisiyoyi da dama a cikinmu Kiristoci da ba su yarda mabiyansu su kusance ta ba. Ba na kiran kowa zuwa ga abin da imaninsa ya hana shi. Ina magana ne da wanda ya riga ya saba sayen kwalba domin bikin aure ko Kirsimeti, yana kuma zubar da kuɗinsa a kan abin da bai kai ba, sannan da abokan sana'ata na otal-otal da gidajen abinci daga Ngaundere zuwa Marwa har Njamena, waɗanda da yawansu ba sa kai ta baki ko kaɗan, amma baƙo yakan tsare su da tambaya a gaban tebur, kuma abincinsu yana cikin amsar da za su bayar.

Cap Bon wani zirin ƙasa ne a arewa maso gabashin Tunisiya da ya kutsa cikin Bahar Rum yana fuskantar tsibirin Sisili na Italiya, tsakaninsu kimanin kilomita 140 na ruwa. A cikinsa ne garuruwan Nabul da Grombaliya da Kelibiya suke, a gindinsa kuma akwai filin Mornag, kudu maso gabas da birnin Tunis, kuma daga wannan yanki mafi yawan giyar inabin ƙasar take fitowa. Yanayinsu ya saɓa da namu ta hanyar da ta dace da inabi, domin mu ruwan sama yana zuwa mana tare da ɗumi a damina, su kuwa ruwansu a lokacin sanyi yake sauka, sannan inabin ya nuna cikin rani mai zafi da bushewa, a tsinke shi daga watan Agusta zuwa Satumba. Abin da yake ceton 'ya'yan daga ƙonewa shi ne iskar teku da ke kaɗawa daga ɓangarori biyu na zirin, ko da yake wani lokaci iska mai zafi daga Sahara, wadda suke kira shehili, takan taso ta yanƙwane su a jikin kurangar.

Wannan kokawa da zafi ita ce ta fara jan hankalina, domin ita ce kokawar da nake yi kullum a ɗakin ajiyata, kuma ashe tsohuwa ce ƙwarai a wurinsu. Wani masanin noma na tsohon birnin Kartaj, kusa da Tunis ta yau, mai suna Magon ya rubuta littafin aikin gona mai juzu'i 28, kuma lokacin da Romawa suka rushe birnin a shekara ta 146 kafin haihuwar Almasihu, majalisar dattawansu ta ba da umarni a fassara littafin zuwa Latin saboda darajarsa. Asalin littafin ya ɓace, amma marubutan Roma sun adana wasu daga cikin shawarwarinsa, har da wadda ya ce a dasa kurangar inabi a gangaren da ke fuskantar arewa, wato inda rana ba ta dukan ƙasa da ƙarfi. Sunansa ne yau yake kan kwalbar jar giya mafi shahara a Tunisiya. Gonakin da ake gani yanzu kuwa na baya-bayan nan ne: sun bunƙasa bayan Faransa ta kafa ikonta a ƙasar a 1881, a hannun Faransawa da kuma talakawan manoma 'yan Italiya da suka ƙetaro daga Sisili da tsibirin Pantelleriya. Wani ƙwaro mai cin saiwa da ake kira filoksera ya yi musu ɓarna daga 1936, manoman suka haɗa kansu cikin ƙungiyar haɗin gwiwa a 1948, wadda a yau kwalabenta suke ɗauke da sunan Les Vignerons de Carthage, sannan bayan samun 'yancin kai a 1956 gwamnati ta karɓe gonakin baƙi a 1964. Ƙasar tana da yankuna bakwai masu tambarin AOC, wato shaidar hukuma cewa inabin daga wuri kaza ya fito kuma an bi ƙa'idar wurin wajen sarrafa shi, kuma Mornag da Kelibiya suna cikinsu.

Mun yi ɗanɗanon ne cikin Janairu, ana tsakiyar hunturu, da dare bayan an rufe gidan abinci, mu huɗu masu sha. Na roƙi mai dafa mana abinci ta shirya abin da baƙinmu suka fi nema: gasasshen giwan ruwa na Binuwai, da soyayyar karfasa, da tsire, da kilishi, da balangun rago, da tuwon shinkafa da miyar yakuwa mai gyaɗa. Na kuma ajiye giyar kwali da wata kwalbar Faransa mai araha da muke sayarwa a gefe domin gwadawa, na rufe wa abokan nawa takardun kwalaben duka don kada suna ya rinjaye su. Kuɗin da na biya a Yawunde ya kama daga jaka 4 zuwa jaka 7 da rabi na kuɗin sefa a kan huɗu daga cikin kwalaben, guda ɗaya ce kawai ta haura jaka 10.

Da farar muka fara, wadda aka rubuta wa Muscat Sec de Kélibia, kuma a kanta zan fi daɗewa domin ita ce ba ta da kama a cikin duk abin da muke sayarwa. Kelibiya garin masunta ne a bakin teku kusa da ƙarshen zirin, yana da tsohuwar ganuwa a kan dutse, kuma inabin da ake nomawa a rairayinsa shi ne muskat na Iskandariya. Irin wannan inabi ne mutanen Pantelleriya, da ke tsallaken ruwa kaɗan, suke kira zibibbo, sunan da ya fito daga kalmar Larabci zabib, wadda daga gare ta mu ma muka sami zabibi. Saboda haka duk wanda ya taɓa buɗe ƙullin zabibi mai kyau ya riga ya san rabin ƙamshin wannan giya. Launinta na busasshen kara ne mai ɗan haske, kuma tun kafin kofi ya iso hanci ƙamshin furen lemo da na sabon inabi yake tarbar mutum, har ɗaya daga cikin abokaina ya rantse cewa mai zaƙi ce kafin ya kurɓa. Da ya kurɓa sai ya yi shiru, domin babu sukari a cikinta. Kalmar sec da ke kan takardar tana nufin an bar yisti ya cinye zaƙin ruwan inabin ƙaf, ƙamshin ne kaɗai ya rage, tare da ɗan tsami mai wanke baki da wani ɗan ɗaci siriri a ƙarshe irin na ɓawon lemo. A mafi yawan wurare ana yin giya mai zaƙi ne da muskat, shi ya sa wannan ta zama abin lura.

Da gasasshen giwan ruwa da aka matsa wa lemun tsami, ban taɓa haɗa wata farar giya a wannan farashi da ta zauna daidai kamar ita ba. Naman giwan ruwa fari ne mai kauri, yana da ɗan maiƙo a gefen ciki, kuma tsamin giyar yana yanke maiƙon yayin da ƙamshinta yake danne ƙarnin kogi. Ta kuma jure barkonon da ake shafa wa kifin fiye da yadda na zata. Da balangu kuwa ta ɓace gaba ɗaya, kamar an zuba ruwa, kuma wannan ba laifinta ba ne, ba a yi ta domin jan nama ba. Abin da zan gargaɗi abokan aiki a kai shi ne cewa mutanenmu da yawa, musamman mata a wurin biki, idan suka ce fara suke so to mai zaƙi suke nufi, kuma idan ba a gaya musu ba za su ga kamar an yaudare su. Wani yaro Musulmi da ke aiki a ƙarƙashina, mai hankali da son koyo, ya tambaye ni washegari, "Kawu, idan baƙo ya ce yaya take, me zan ce masa, tunda ni ban san bakinta ba?" Na ce masa, "Ɗana, ka ce ƙamshinta na zaƙi ne amma bakinta babu zaƙi, kuma da kifi ta fi tafiya. Idan ka faɗi haka ka faɗi gaskiya duka." Tun daga ranar, wannan jimlar yake faɗa, kuma babu baƙon da ya mayar masa da kwalba.

Ta biyu ita ce Gris de Tunisie, kuma idan za a ce in zaɓi guda ɗaya tak domin ƙasarmu, ita zan ɗauka. Ana kiran irinta gri, wato roze, giyar da launinta ke tsakanin fari da ja, mai hasken launi ƙwarai, kamar busasshen ɓawon albasa. Yadda ake samun wannan launi abu ne mai sauƙin ganewa: ruwan da ke cikin baƙin inabi fari ne, launin yana jikin ɓawo, don haka idan aka matse 'ya'yan nan da nan ba tare da an bar ruwan ya jiƙa da ɓawon ba, sai ya fito da ɗan ja kaɗan kawai. Yawanci da inabin Cinsault da Grenache ake yin ta, iri biyu da suka saba da ƙasashe masu zafi da ƙarancin ruwa, kuma fiye da rabin giyar da Tunisiya take yi roze ce, domin ita mutanen can da baƙinsu suke sha a bakin teku cikin rani. A baki tana kama da zoɓo marar kauri da ba a sa wa sukari ba, da ɗan ɗanɗanon kankana, ba ta da nauyi, ba ta kuma barin bauri. Ita kaɗai ce a cikin biyar ɗin ta bi kowane abinci a teburin ba tare da faɗa ba. Ta sanyaya zafin yajin tsire, ta tafi da karfasa, ta jure kilishi, har da miyar yakuwa, wadda tsaminta yakan kashe kusan kowace giya, ba ta gagare ta ba. Mu huɗun nan duka mun sa ta a gaba ko ta biyu, alhali ita ce ta biyu wajen araha.

Sharaɗinta guda ne, kuma mai muhimmanci ne: a sha ta tana sabuwa. Roze ba ta ƙaruwa da ajiya, raguwa take yi, kuma a ƙasa mai zafi irin tamu raguwar tana sauri. Idan shekarar da ke kan takardar ta wuce shekara biyu baya, ni ba na saye, komai rangwamen da aka yi mini.

Sai jar giya mai sunan Magon, wadda take ɗauke da tambarin Mornag. A nan dole in yi bayanin bauri, domin shi ne abin da mutanenmu suka fi kuskuren fahimta game da jar giya, har wasu su ce ta lalace alhali lafiyarta ƙalau. Duk wanda ya tauna goro ko ya ciji kanya da ba ta nuna ba ya san yadda baki yake kamewa, harshe ya yi kaushi. Abin da yake haddasa wannan yana cikin ɓawon inabi da ƙwayarsa, kuma dangin abin da ke cikin bagaruwa ne, wanda majema suke jeme fata da shi. Jar giya tana samunsa ne saboda ana barin ruwan inabin ya daɗe tare da ɓawon, kuma shi ne yake ba ta jiki da ƙarfin jure ajiya. Baurin Magon matsakaici ne, mai laushi, ƙamshinta kuma na nunanniyar ɗinya ne da ɗan masoro a bayansa. Da balangun rago mai kitse ta nuna kanta sosai, domin kitse da bauri suna kwantar da juna, naman ya ƙara garɗi, giyar ta ƙara santsi. Da kilishi mai yaji kuwa ban ba da shawara ba, saboda barkono da bauri da ƙarfin giya idan suka haɗu sai su hura wa juna wuta, baki ya yi ta raɗaɗi har mutum ya daina jin ɗanɗanon komai. Da aka buɗe takardun, abokaina uku sun ga cewa sun fifita ta a kan kwalbar Faransa da ke gefe, wadda muke saye da kuɗi kusan ɗaya.

Akwai wata al'ada da muka gada daga masu koya mana aiki wadda take cutar da jar giya a Garwa fiye da komai, wato cewa ba a sa ta a firigo, da ɗumin ɗaki ake shan ta. Ɗakin da Turawa suke nufi da wannan magana ɗaki ne mai digiri 16 zuwa 18, namu kuwa cikin Maris da Afrilu yakan haura 35 ko da dare ya yi. Jar giya mai ɗumi haka ƙamshinta yana gudu, sai zafin barasa kawai ya rage yana dukan hanci. Na gwada Magon ta hanyoyi biyun a gaban abokaina, kofi ɗaya daga kwalbar da ta yi minti 40 a firigo, ɗaya daga wadda ta zauna a kan tebur, biyu daga cikinsu suka ɗauka giya iri biyu ce daban. Fara da gri kuwa suna son sanyin digiri 8 zuwa 10, kuma gara a nutsa kwalbar cikin bokitin ruwa da ƙanƙara da a jefa ƙanƙarar cikin kofi.

Vieux Magon, wadda ita ce mai tsadar, an yi ta da inabin Carignan da Syrah, an kuma kwantar da ita cikin gangunan katako kafin a zuba a kwalba. Ta fi ƙanwarta kauri da duhu, tana da ƙamshin kanumfari da busasshen dabino da ɗan hayaƙi, kuma tana bukatar a buɗe ta kamar awa ɗaya kafin sha domin ta saki jiki. Giya ce ta gaske wadda ba zan ji kunyar ajiyewa gaban kowane babban baƙo ba, sai dai da kuɗinta ta fita daga sahun masu araha, kuma nauyinta ya fi dacewa da daren hunturu. Ta biyar ɗin, wata ja ce mafi arahar duka, babu tambarin yanki a jikinta, babu shekara, kuma ba zan ambaci sunanta ba. Ba ta da jiki, tsaminta ya yi yawa, ɗanɗanonta yana ƙarewa kafin a haɗiye. Ba ta fi giyar kwali da komai ba, kuma ta nuna mini cewa sunan ƙasa kaɗai ba ya wadatarwa, sai an duba tambarin yanki da shekara.

Duk wannan yabo da na yi yana rataye ne a kan abu guda, wato halin da kwalba ta iso hannun mai sha, kuma a nan ne na sha kashi. Cikin Afrilu na ga irin wannan gri da irin wannan muskat a wani shago a nan Garwa, na yi murna na sayi kwalba huɗu ban tsaya dubawa ba. An jera su ne a bayan gilashin taga mai fuskantar yamma, inda rana take dukansu daga azahar har faɗuwarta. Da na buɗe ta farko a gaban wani baƙo da na riga na cika wa baki da yabo, launinta ya koma ruwan shayi, ƙamshin fure ya tafi, sai warin dafaffen 'ya'yan itace da ya kwana. Na ba shi haƙuri, na canja masa, na ɗauki asarar kwalabe huɗun a kaina. Da na koma wurin mai shagon na ce masa, "Maigida, wannan kaya ba ya son rana, ka mayar da shi ciki," ya karɓi maganar da mutunci, ya ce shi a zatonsa abin da ke cikin kwalba a rufe babu abin da zai same shi. Mutane da yawa haka suke zato.

A tuna irin tafiyar da kwalbar take yi kafin ta zo mana. Tana tasowa ta jirgin ruwa zuwa Duwala, inda kwantena takan yi kwanaki a rana tana jiran takardun kwastan, sannan ta hau jirgin ƙasa ko babbar mota zuwa Ngaundere, wanda daga Yawunde kaɗai ya fi kilomita 600 ta dogo. Ngaundere tana kan tudu mai tsayin mita 1,100 ko fiye, akwai sanyi, amma daga nan mota take gangarowa kusan kilomita 280 zuwa kwarin Binuwai, inda zafin bazara yake haura digiri 40. Giyar inabi kuwa ta fi son zama tsakanin digiri 12 da 15, kuma idan ta daɗe sama da 30 sai ta fara dahuwa a cikin kwalbarta. Saboda haka kafin in biya kuɗi yanzu nakan ɗaga kwalba zuwa haske in ga launinta, in duba ko giyar ta sauka ƙasa da wuyan kwalba, in shafa kan marfin da yatsa in ji ko toshiyar ta kumburo, in kuma nemi alamar danƙo da ya zubo ya bushe a gefen wuya. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya isa in mayar da ita kan kanta. A wurin ajiya kuma, tunda wutar lantarki takan ɗauke a lokacin da aka fi bukatarta, na koma ga dabarar iyayenmu mata: a ɗaki na can ciki marar taga na shimfiɗa yashi a ƙasa kusa da randuna biyu, ana yayyafa masa ruwa safe da yamma, kwalaben suna kwance a kai cikin duhu. Bai kai sanyin da littafi yake so ba, amma tun da na fara haka ban sake zubar da kwalba ba.

Game da farashi, ɗan ƙanwata ya gaya mini cewa abin da ya biya a Tunis bai kai rabin abin da na biya a Yawunde ba, kuma ban yi mamaki ba, domin kayan masarufi irin wannan da ke shigowa daga wajen yankinmu ana ɗora musu kuɗin fito na kashi 30 cikin 100, sannan harajin TVA, wanda ake ɗora wa kayan sayarwa, na kashi 19.25, ga kuma harajin musamman da ake ɗora wa barasa, kafin a zo ga kuɗin mota da ribar ɗan kasuwa. Duk da haka, idan aka gwada da abin da mutanenmu suke saye a wannan farashi, ribar tana wajen kwalbar Tunisiya. Giyar kwali da wasu kwalabe masu hoton gidan sarauta a jiki, idan aka karanta ƙananan rubutun bayansu, sau da yawa za a ga an ce gaurayen giya ce daga ƙasashen Turai daban-daban, babu gona, babu yanki, babu shekara. Sunan Bordeaux ma, wanda yake sa mai biki ya buɗe aljihu ba tare da tambaya ba, suna ne na yanki mai faɗin gaske wanda gonakinsa suka ninka na Tunisiya baki ɗaya sau da yawa, kuma daga cikinsa ake samun mafi daraja da kuma na yau da kullum. Wadda take iso mana a jaka 6 ba daga sahun farko take ba. Kwalbar Mornag ko Kelibiya kuwa ba ta da sunan da zai sayar da ita a nan, don haka kuɗin da aka biya na abin da ke ciki ne.

Akwai wata magana da nake ji a bakin masu saye wadda ba zan iya wucewa ban taɓa ta ba, domin tana damuna ƙwarai, wato cewa jar giya tana ƙara jini, har a kai wa mai jego ko marar lafiya kwalba a matsayin magani. Jan launin daga ɓawon inabi yake, ba shi da alaƙa da jinin jiki, kuma baurin da na yi bayani a sama yana ma rage yadda hanji yake tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a Janairun 2023 cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba shi da illa ga lafiya. Mai ciki da mai shayarwa da mai ciwon hanta ko hawan jini ba nasu ba ce. A kuma san ƙarfinta: kwalba ɗaya mai santilita 75 da ƙarfin kashi 13 tana ɗauke da barasar da ta kai ta manyan kwalaben giyar hatsi uku masu santilita 65 da ƙarfin kashi 5. Gri mai sanyi tana shiga kamar zoɓo, kuma wannan sauƙin nata shi ne haɗarinta ga wanda zai hau babur bayan ya tashi daga tebur. A gidan abincinmu kwalba ɗaya ta mutum huɗu ce ko biyar tare da abinci, kuma ragowar da aka toshe aka sa a firigo takan kai kwana biyu ko uku.

Na riga na yi magana da mai gidanmu, ya kuma amince mu sa uku daga cikin biyar ɗin a takardar abin sha: muskat ɗin Kelibiya a gefen kifi, gri a matsayin wadda za mu fara miƙa wa duk wanda ya nemi shawara, Magon kuma domin masu cin rago. Vieux Magon za mu ajiye kwalba shida kacal saboda bukukuwan ƙarshen shekara. Odar za ta tashi daga Yawunde a ƙarshen Nuwamba, ta hau jirgin dare, motar da za ta ɗauko ta daga Ngaundere kuma na roƙa ta taso da asuba domin ta iso Garwa kafin rana ta take. Abin da muka saya dole ya ƙare kafin ƙarshen Fabrairu, kuma daga Maris har ruwan farko ya sauka ba zan sake yin odar ko kwalba ɗaya ba.